A Rushe Ko A Gyara? Alƙawarin Ɗan Takara Kan Tsohuwar Sakandare A Sakkwato

Wani daga cikin masu neman kujerar majalisar dokokin jiha a cikin garin Sakkwato ya ɗauki maganar tsohuwar sakandaren gwamnati da ke mazaɓarsa ya mai da ita jigon kamfen ɗinsa. Matsayinsa a taƙaice shi ne ginin ya tsufa, an daɗe ana zuba kuɗi wajen yi masa faci ba a ga amfani ba, saboda haka a rushe shi baki ɗaya a gina sabuwar makaranta mai bene, da ɗakin kwamfuta da sola da rijiyar burtsatse. Ya ƙara da cewa idan wurin da take ya shiga tsakiyar cunkoso, babu laifi a kai sabuwar bayan gari inda ake da sarari. Sunansa ba shi ne abin dubawa ba, domin duk lokacin da zaɓe ya ƙarato ana jin irin wannan magana daga bakin 'yan takarar kowace jam'iyya.

A fara da ba shi gaskiyarsa. Duk wanda ya shiga irin makarantun nan da aka gina a shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur ya shigo gwamnatoci suka yi ta buɗe makarantu, ya san abin da mutumin yake faɗi. Ka shiga aji ka ɗaga kai, rabin silin ya zube, sauran rabin ya yi ciki yana lilo, kashin jemage na zubowa ta kafar. Gilasan tagogi sun daɗe da ƙarewa, sai ƙarafunan da suka riƙe su. Daɓen ya fashe ya koma rami-rami, benci ba ya tsayawa sai an tokare masa ƙafa da dutse. A ɗakin gwaje-gwaje kawunan famfon gas da na ruwa suna nan jere a kan tebura, tsatsa ta cinye su. Makewayi kuwa, 'yan mata da yawa sun gwammace su matse har a tashi. Idan iskar farkon damina ta taso da dare, shugaban makaranta da fargaba yake kwana, bai san kwanon wane aji zai tarar a bayan katanga da safe ba.

Sai dai a cikin duk abin da na lissafa babu ɗaya da ke nuna cewa ginin kansa ya mutu. Silin da taga da daɓe da kwano kayan canzawa ne, kowane gini yana cin su sau biyu ko uku a rayuwarsa. Abin da ke kashe gini yana can wani wuri: harsashi, ginshiƙai, da kankaren da ke ɗauke da nauyin rufi. Birkilan da ya san aikinsa yana bambance tsagewar da ta tsaya a filasta, siririya kamar zare, da wadda ta taso daga kusurwar taga ta karkace ta nufi ƙasa, mai faɗin da yatsa zai shiga, wadda kuma take ƙara buɗewa bayan kowace damina. Ta farko aikin buhun siminti ce. Ta biyu tana nufin ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi tana nutsewa, kuma faci ba ya maganinta. Haka nan idan ruwa ya daɗe yana ratsa kankare, rodin da ke ciki yakan yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, sai ka ga ɓarɓashi na zubowa, rodin ya fito fili ya yi ja. Gara kuma tana iya cinye katakon rufi daga ciki, a waje yana nan kamar lafiya lau.

Wannan bambanci yana da muhimmanci domin sakandare ba gini ɗaya ba ce. Tarin gine-gine ce da aka yi a shekaru daban-daban, a hannun 'yan kwangila daban-daban: jerin azuzuwa na asali, wani jeri da aka ƙara daga baya, ɗakin taro, ofishin malamai, gidajen malamai, wataƙila da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ba abin mamaki ba ne injiniya ya zagaya ya ce jeri biyu a sauke su tun kafin su kashe wani, uku a canza musu rufi da tagogi za su ƙara shekara talatin. Kuma ba kullum ne mafi tsufa ke fara faɗuwa a wannan gwaji ba. Ɗan takarar ya yanke hukunci a kan makarantar gaba ɗaya ba tare da ya nuna rahoton wani injiniya ba, kuma masu adawa da shi, waɗanda suke cewa kada a taɓa ko bulo ɗaya don tarihi, su ma ba su nuna ba.

Maganar bene ma tana buƙatar a tsaya a kanta. Bene yana burge ido a hoton kamfen, yana kuma tattala fili, amma ba ya yafe ha'inci. In ɗan kwangila ya rage siminti ko rodi a ginin ƙasa, bango ne zai tsage. In ya rage a bene, rayuka ne. A watan Yuli na 2024 benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai. Wanda zai yi alƙawarin bene sai ya faɗi wanda zai tsaya a kan aikin lokacin zuba kankare, domin bayan an shafe da filasta an yi fenti babu mai iya ganin abin da ke ciki.

Akwai kuma zafin Sakkwato, wanda masu zanen gini a takarda sukan manta da shi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma a ƙarshen wannan zango ne 'yan ajin ƙarshe suke zama jarrabawar WAEC. Tsofaffin azuzuwan nan, duk lalacewarsu, yawanci an yi su da rufi mai tsawo, da baranda mai kare bango daga rana, da tagogi a ɓangarori biyu don iska ta ratsa. A harabar kuma akwai dogon yaro da aka shuka tun zamanin kakannin ɗaliban. Ginin kwangila na yanzu sau da yawa rufinsa gajere ne, bulonsa mai rami, kwanonsa siriri, ana dogara da fanka a wurin da wuta ba ta tsayawa. Buldoza kuma in ta shigo, itatuwa ne farkon abin da take kawarwa. Siminti ana saye a kasuwa, amma inuwar dogon yaro sai an jira ta shekaru.

To ko da an yarda a rushe, wa zai biya? Nan ne maganar ɗan takarar ta fi rauni, kuma nan ne mafi yawan masu sauraronsa ba su da bayani.

A nan Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, a watan Satumba na 1999. Dokar shirin ta fito a 2004, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, wadda ke bai wa jihohi tallafin gine-gine da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da abin da za ta karɓa. Azuzuwan da ake gani da rubutun SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a jikinsu daga wannan kuɗi suke. Amma dokar ta tsaya ne a shekara 9 na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare. A can sama kuma, asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 a da yana taɓa kowane mataki, amma a 2011 aka mai da shi TETFund, aka keɓe shi ga jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Sai babbar sakandare, aji huɗu zuwa shida, ta tsinci kanta a tsakiya: ta wuce UBEC, ba ta kai TETFund ba. Ƙaramar hukuma ma ba hurumin ta ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci firamare da ilimin manya da na sana'a ne a ayyukan da ƙananan hukumomi ke sa hannu, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 kan 'yancin kuɗinsu bai canza wannan ba.

Abin da ya rage shi ne kasafin gwamnatin jiha, sai kuma shirye-shiryen masu ba da bashi da tallafi, irin su AGILE na Bankin Duniya, wanda aka faɗaɗa a 2023 ya haɗa da Sakkwato. Shi ma yana da nasa ƙa'idojin, an tsara shi ne don karatun 'yan mata masu tasowa, kuma ba ɗan majalisa ke zaɓar inda za a kashe kuɗinsa ba.

Ɗan majalisar jiha mutum ɗaya ne cikin 30. Ba ya ba da kwangila, ba ya sa hannu a fitar da kuɗi. Gwamna ne ke kawo kasafi, majalisa ta duba ta amince. Iyakar ƙarfinsa ita ce ya matsa a sa makarantarsa a cikin kasafin, ya kira jami'an ma'aikatar ilimi su yi bayani a gaban kwamiti, ya je ya duba aiki, ya kawo ƙudurin doka. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, amma sun yi nisa da "zan gina muku". Kuma shigar aiki cikin kasafi daban, fitowar kuɗin daban. A ƙarshen 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, an kuma riƙa bai wa ilimi kaso mai tsoka a kasafi, amma jiha mai ƙananan hukumomi 23, wadda wasu garuruwanta har yanzu sakandare ta yi musu nisa, ba za ta rasa masu tambayar dalilin da zai sa a kashe kuɗin makarantu uku a kan rushe ɗaya da sake gina ta a birni ba. Wakilin ƙaramar hukumar Gudu ko na Tangaza yana da wannan tambaya, kuma tambaya ce mai kyau.

Farashi ma ba ya jiran kowa. Duk da masana'antar siminti ta Kalambaina tana nan a bakin gari, bayan cire tallafin fetur a Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, sai da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a kasuwanni da dama a farkon 2024. Rodi da kwano suka bi sahu. Kwangilar da aka yi wa lissafi bara, bana ɗan kwangila zai dawo neman ƙari, in bai samu ba ya kwashe ma'aikatansa. Gyara in ya tsaya a rabi, an dai samu rabin azuzuwa da sabon rufi. Rushewa in ta tsaya a rabi, an rasa tsohuwar ba a samu sabuwar ba.

A wani taron unguwa da ɗan takarar ya halarta, wani dattijo ya bari sai da aka gama tafi sannan ya ce, "Honarabul, mun ji. Amma in kunka rushe ta, ina ɗiyanmu za su zamna kahin a ƙare?" Amsar da ya samu ita ce, "Baba, in sha Allahu za a yi musu tsari." Wannan tsarin da ba a faɗa ba shi ne rabin maganar.

Hanyoyin ba su da yawa. Ko a raba yaran ga makarantun da ke kusa, waɗanda su ma a cike suke. Ko a yi karatun safe da na yamma a wata makaranta, wanda zai ci karo da Islamiyya, kuma a Sakkwato uban da aka ce ya zaɓa tsakanin boko da Islamiyyar yamma an san inda zai karkata. Ko kuma a kai su nesa. Nisa kuwa kuɗi ne, na kabu-kabu ko Keke Napep zuwa da dawowa kullum, ga gidan da ke da yara uku ko huɗu a makaranta. Namiji zai iya takawa ko ya hau keke. Yarinya 'yar aji biyar, in aka ce sai ta ratsa gari, a gidaje da yawa nan karatun ya tsaya, kuma in ta zauna gida zango biyu da wuya ta koma. 'Yan ajin ƙarshe kuma suna da tasu matsalar, domin rajistar WAEC da NECO da sunan makaranta ake yin ta, kuma darussan kimiyya suna da jarrabawar gwaji da ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje.

Batun bayan gari yana da wani nauyin kuma tun daga 2020. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamba 2020, da Jangebe a Fabrairu 2021, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana da dama da ke wajen birni, sai ga na Birnin Yauri ya biyo baya a Yuni 2021. Iyaye ba su manta ba. Makarantar da ke tsakiyar unguwa, wadda maƙwabta ke kewaye da ita, tana da wani tsaro da katanga da maigadi ba sa bayarwa.

Sai fili. A ganina nan ne ya kamata mutanen mazaɓar su fi buɗe ido. Lokacin da aka kafa tsofaffin makarantun nan, a gefen gari suke, aka yanka musu fili mai faɗi har da filin ƙwallo da gonar makaranta. Gari ya girma ya haɗiye su. Yau wannan fili yana bakin kwalta, a wurin da shago ɗaya ke kawo kuɗin haya mai kauri. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, saboda haka ranar da makaranta ta tashi daga wuri, sa hannu kaɗan ne tsakanin filinta da zama fuloti. Ba sai an tashe ta ma ba: a kan fara da jerin shaguna a jikin katanga da sunan samar wa makaranta kuɗin shiga, daga nan a ci gaba da matsowa ciki. Kano ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A 2023 sabuwar gwamnati ta shiga rusa gine-ginen da ta ce an yi a filayen makarantu da na sauran wuraren jama'a, waɗanda suka saya suka yi asara, aka shiga kotu.

Ban ce ɗan takarar nan yana da ido a kan filin ba. Mai yiwuwa ne zuciyarsa fara ce tas. Amma shi ba zai dawwama a kujera ba, kuma ba shi ne ke raba fili ba. Idan da gaske yake, akwai abin da kujerar da yake nema za ta iya yi a nan fiye da gini: ya nemi a auna filin kowace makarantar gwamnati, a fitar mata da takardar mallaka da sunanta, a kuma yi dokar da za ta hana sauya wa filin makaranta aiki sai da amincewar majalisa a zaman da kowa zai gani. Wannan ba ya cin buhun siminti ko ɗaya. Tsofaffin ɗaliban makarantu irin su Nagarta da Kwalejin Sultan Abubakar, waɗanda cikinsu akwai manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman jami'a, za su fi kowa saurin mara masa baya.

Akwai tambayar da ɗan takarar bai yi wa kansa ba: me ya kai tsohuwar makarantar ga wannan hali? Kwano ɗaya ne ya ɗaga wata damina, ba a samu kuɗin ƙusa da kafinta ba. Ruwa ya shiga ya jiƙa silin, silin ya zube, katako ya ruɓe, damina ta gaba iska ta samu ƙofa ta yaye rufin gaba ɗaya. Shugaban makaranta ya rubuta takarda, takarda ta bi ofis-ofis, abin da dubbai za su gyara ya koma na miliyoyi, sai ya zama kwangila. Tsarin kasafinmu yana son kwangila fiye da kulawa, domin sabon gini ana yanka masa kyalle a manna allo da sunan wanda ya yi, amma babu wanda aka taɓa yi wa taro don ya toshe yoyo. Ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta na unguwa suna ƙoƙari, sai dai aljihun iyayen da ke kai 'ya'yansu makarantar gwamnati an san zurfinsa. Muddin babu wani kuɗi tsayayye da ke shiga hannun makaranta kowane zango don ƙananan gyare-gyare, tare da bin diddigin yadda aka kashe shi, sabon benen ma hanyar da tsohon ya bi zai bi, kuma gyaran bene ya fi tsada. Sola tana buƙatar sabon batir bayan 'yan shekaru, injin rijiyar burtsatse yana ƙonewa, ƙurar hunturu tana kashe kwamfuta.

Ɗakin kwamfutar dai ana buƙatarsa, wannan babu musu, tunda tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma har yanzu akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka zauna gaban ta. Amma aji ɗaya mai rufi mai kyau da ƙofar ƙarfe ya isa a fara, in akwai malamin da zai koyar. Malamin lissafi da na kimiyya ma ba sa zuwa tare da gini.

A ƙarshe ga lissafin lokaci. Zaɓe a farkon 2027 ne, sabuwar majalisa kuma sai wajen Yuni take fara zama. Kafin nan kasafin 2027 ya riga ya wuce, don haka in ba an kawo ƙaramin kasafi ba, na farko da zai sa wa hannu shi ne na 2028. In ya yi sa'a aka sa makarantar a ciki, sai zane, sai tallata kwangila, sai fitar da kuɗin fara aiki, sai ginin kansa. Yaron da ke aji huɗu ranar da ake jefa ƙuri'a zai gama sakandare bai shiga sabon ajin ba. Damina biyu ko uku za su sauka a kan rufin da ake da shi yanzu, kuma tun daga ranar da aka fara cewa za a rushe makaranta, babu ofishin da zai yarda ya sake kashe kobo a kan kwanonta.